Gugguru da yajin Japan, abin da nake rubutawa tun da na fara

Asabar 7 ga Disamba, 2024

Toh yau dai na fara. Ƴar kwalbar yajin nan mai jan murfi da autanmu ya kawo min tsaraba daga Japan saura kaɗan ta ƙare, abin da ya rage a gindinta bai fi cokalin shayi biyu ba, shi kuma ba yanzu zai sake zuwa hutu ba. Sunan yajin shichimi togarashi, shichi bakwai kenan da yarensu, mi ɗanɗano, togarashi kuma barkono. Su can a kan taliyarsu suke barbaɗawa, udon da soba, da kuma tsiren kazar nan tasu yakitori. Ni kuwa a kan gugguru na fara sa shi, wani dare da sukari ya ƙare a gidan yara kuma suka dage sai an yi, tun daga ranar mai sukari da madara ya fita a raina gaba ɗaya.

Abu bakwai ɗin da ke cikin tawa kwalbar: jan barkono, ɓawon lemo, farin riɗi, baƙin riɗi, citta, ganyen teku, sai wani abu wai shi sansho. A jikinta nanami aka rubuta ba shichimi ba, na tambayi auta yace ai duk ɗaya ne Yaya, nana ma bakwai ce, kuma da gangan ya sayo irin wanda ake fitarwa ƙasashen waje saboda nasu na cikin gida yawanci akwai ƙwayar wiwi da ƙwayar fulawar popi a ciki, duk da cewa ba sa bugarwa kuma ta wiwin ana gasa ta yadda ba za ta tsiro ba. Nace Allah ya yi maka albarka, waɗannan biyun kam ko kusa ba zan neme su ba.

Sayayyar yau a kasuwar Rimi: busasshen tattasai da barkono tsidugu N1,000, farin riɗi gwangwani ɗaya N600, busasshiyar citta N300, tanjarin kashi ɗaya N1,000. Masarar gugguru kilo ɗaya N3,000 a wani shago kusa da gida. Duka N5,900. Mangyaɗa da gishiri akwai a gida.

Lahadi 8 ga Disamba

Mun sha tanjarin ni da yara, na tara ɓawon na baza a tire na kai rana.

Talata 10 ga Disamba

Ɓawon ya bushe ƙamas, hunturu ya taimaka. Na daka a ƙaramin turmi na ɗanɗana, ɗaci kamar maɗaci wallahi, ga ƙamshin ma ya gudu ya koma wani irin warin tsohon lemo. Laifi biyu na yi. Na farko ban kankare farin nan na cikin ɓawon ba, kuma a nan ɗacin yake. Na biyu rana tsaka na shanya shi kwana biyu, ƙamshin lemo kuma mai ne a cikin ƙananan ramukan nan na bayan ɓawon, in ka matsa shi kusa da ido zaka ga yana fesowa, zafin rana ya kwashe shi. Ga ƙura ma ta hau kai don ban rufe ba.

Na zubar. Na sake sayen tanjarin N800, wannan karon na wanke kowanne da ruwan ɗumi kafin a ɓare, na shimfiɗa ɓawon a faranti na bi shi da bakin cokali ina kankarewa har sai da na fara ganin haske ta jikinsa, sannan na yanka siri-siri na baza a inuwa cikin ɗaki ƙarƙashin fanka, na rufa masa tsohon gyale mai shara-shara. Aikin ya ci min kusan awa ɗaya da rabi, yatsuna duk sun yi ruwan ɗorawa.

Alhamis 12 ga Disamba

Ina jiran ɓawo ya bushe sai na zauna karatu a kan yajin, kuma abin da na gani ya sauke min wani nauyi. Ashe ba wani haɗi guda ɗaya da dole sai shi. Tun 1625 aka fara sayar da shi a Edo, wato Tokyo ta yanzu, a wata unguwa Yagenbori wadda masu magani suka yi yawa a cikinta, shi kansa yagen ɗin sunan abin niƙa magani ne mai kama da kwale-kwale da ake murza wata taya a ciki. Kenan daga wajen masu maganin gargajiya abin ya fito kafin ya shiga kicin, kamar dai yadda mu ma mai kayan ƙamshi shi ne mai haɗa yajin jego. Gidaje uku ne suka fi suna har yau, Yagenbori a Tokyo, Shichimiya a Kyoto kusa da wurin bautar Kiyomizu, sai Yawataya Isogoro a Nagano a bakin wurin bautar Zenkoji tun 1736, kuma kowa da bakwai ɗinsa. Na Kyoto ƙamshi ya fi ba wa ƙarfi, na Nagano akwai citta da wani ganye shiso, na Tokyo kuma barkono iri biyu suke sawa, gasasshe da wanda aka busar kawai, kuma a shagonsu na Asakusa a gabanka ake haɗa maka yadda kake so, ka ce a ƙara wannan a rage wancan.

Dabarar barkono iri biyun nan na ɗauka. Zan gasa tattasai don ƙamshi da launi, tsidugu kuma in bar shi haka don zafi.

Asabar 14 ga Disamba

Ranar da ba zan manta ba. Na haɗa yajin farko, barkono da ɓawon tanjarin da farin riɗi da citta, abu huɗu kenan, sai na ce bari in zuba shi cikin mai tun kafin masara ta fara fashewa don ya kama jikinta sosai, tunanina kamar yadda ake soya kayan miya. Ban yi lissafin cewa masarar gugguru sai ta kai wajen digiri 180 take fashewa ba, garin barkono kuwa tun kafin nan ya ƙone. Ko minti ɗaya ba a yi ba man ya yi baƙi, ina buɗe murfi hayaƙin ya bugi fuskata, na fara tari har hawaye, kan kace me ya cika falo, ƙaramar tawa mai shekara huɗu tana tari tana kuka, Hajiya da ke ɗakinta tana azkar ta fito tana cewa ke lafiya me kike ƙonawa haka. Na kashe gas na fita da tukunyar tsakar gida, muka buɗe tagogi duk da sanyin da ake yi. Abin da ya fi damuna Hajiya ce don dama ƙirjinta ba ya son hayaƙi, sai da ta kai kusan rabin awa a waje kafin tarin ya lafa, na ba ta haƙuri tace ba komai ƴata amma ki riƙa yin wannan aikin a waje. Ta yi gaskiya. Daga yau duk gashin barkono da dakansa a tsakar gida zan yi, da takunkumi a hanci, yara kuma suna ciki.

Asara: masara rabin kofi, mai cokali uku, yaji cokali biyu. Gindin tukunyar sai da na jiƙa shi da toka ya kwana.

Lahadi 15 ga Disamba

Ban taɓa komai ba yau.

Talata 17 ga Disamba

Na yi gugguru fari tas, sannan na barbaɗa yaji daga baya. Ba hayaƙi alhamdulillah, amma yajin duk ya zube gindin roba, kana cin gugguru salam, sai ka zo ƙarshe ka tarar da riɗi da barkono a tare kamar yashi. Na duba ragowar na kwalbar auta da kyau a tafin hannuna, shi ma tsaki-tsaki ne, riɗin ma guda-guda yake ba a daka ba, don su a kan romo da nama suke sawa inda akwai danshin da zai riƙe shi. Daren farko da na sa ya kama ne saboda na narka bota na zuba. Kenan abu biyu nake buƙata, garin ya yi laushi sosai, kuma a samu ɗan maiƙo a jikin guggurun yana da zafi.

Sai na juye komai a blenda har riɗin. Kuskure. Riɗi mai ne da shi, ya dunƙule ya zama kamar tunkuza ya manne a jikin blendar, na kwashe da cokali na ajiye a firij, zai yi amfani a miyar taushe ko wani abin amma ba gugguru ba.

Alhamis 19 ga Disamba

Na samo hanya. Barkono, ɓawon lemo, citta da gishiri su kaɗai nake niƙawa, in tankaɗe da rariya mai laushi, abin da ya ƙi wucewa in sake dakawa. Gishirin ma sai ya zama gari kamar hoda, in ba haka ba shi ma zubewa yake. Riɗi kuma in soya shi ba mai a wuta kaɗan-kaɗan har ya fara tsalle, in bar shi ya huce, in ɗan murje shi da bayan cokali sau biyu uku kawai ya fashe ba ya zama gari ba, sannan in gauraya. Ina sauke gugguru in juye a babbar roba mai murfi, in yaryaɗa bota cokali ɗaya ta gefe-gefe, in zuba rabin yajin in rufe in girgiza, in ƙara sauran in sake girgizawa. Ya kama. Jikinsa ya yi ja-ja da ɗigo-ɗigon riɗi, Abban yara ya cinye rabin roba yana kallon labarai bai ce komai ba, sai da ya gama yace gobe ma a yi.

Asabar 21 ga Disamba

Neman baƙin riɗi. Mai kayan ƙamshin farko ya ƙulla min habbatus sauda, nace Malam ba wannan ba, riɗi nake so amma baƙi, yace Hajiya ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne ko kaɗan, habba tana da kusurwa da ɗaci-ɗaci, riɗi kuma shafaffe ne kamar ɗigon hawaye. A rumfa ta huɗu na samu, rabin gwangwani N700. Abin da ya ba ni sha'awa, riɗin da ake nomawa a nan Jigawa da Nasarawa da Binuwai Japan na daga cikin manyan masu sayensa, ba mamaki farin da ke cikin kwalbar auta daga wajenmu ya tafi ya dawo.

Litinin 23 ga Disamba

Maganar sansho, wanda shi ne ya fi ba ni wahala kuma shi ne ran yajin. In ka sa na kwalbar a harshe, bayan zafin barkono ya wuce akwai wani yam-yam da ke biyowa baya, leɓe ya ɗan mutu, da ƙamshi kamar na lemon tsami ɗanye. Wannan aikin sansho ne, ɓawon ƴaƴan wata bishiya mai ƙaya. Nawa haɗin ba shi da wannan, shi ya sa duk daɗinsa in na ci sai in ji kamar yajin ƙuli ne aka sa wa lemo. Da na ba Hajiya na kwalbar ta lasa, ta yi shiru tana motsa baki, can tace wannan ai fasakwari ne. Na je na bincika, wallahi ta canka, sansho da fasakwari ƴan gida ɗaya ne, duk dangin Zanthoxylum ne a sunan kimiyya, kuma duk dangin lemo ne ma. Tsohuwa da ba ta taɓa jin sunan sansho ba harshenta ya gane shi nan take, abin ya tsaya min a rai har dare.

Na aika aka sayo fasakwari na N300. Bambancin, su ɓawon ƴaƴan suke amfani da shi, mu kuma ɓawon itacen ake sayar mana, don haka dakansa aiki ne, duk zare-zare. Na daka na tankaɗe sau uku. Zumuɗi ya sa na zuba cokalin shayi cike a haɗin da bai fi cokali shida ba, ya yi yawa sosai, bakina ya mutu kamar an yi min allurar cire haƙori, ga ɗaci na itace a maƙogwaro. Ban zubar ba dai, na ninka sauran kayan har sau uku na tsarma shi. Yanzu na tsaya a kwatan cokalin shayi. Ba zan ce ya zama sansho ba, ƙamshin lemon tsamin nan babu shi, sai na kankaro koren bayan lemon tsami guda biyu na busar a inuwa na ƙara a kan na tanjarin, ya matso kusa.

Laraba 25 ga Disamba

An yi baƙi, na yi tukunya uku. Yara sun ce zafi, na yi musu nasu daban da tattasai zalla ba tsidugu, na ƙara ɗan garin sukari.

Litinin 30 ga Disamba

Sabuwar matsala, masara ta daina tashi. Rabin kofin da a farko yake cika min tukunya yanzu da ƙyar yake wuce rabi, wanda ya fashe ƙanana ne masu tauri, gindin tukunya kuma cike da ƙwayar da ta ƙi, wasu sun ɗan tsage kawai sun yi baƙi. Da farko na zargi gas, na zargi tukunya, har na fara zargin mai shago. Ashe ni ce na bar ledar a buɗe a kan kanta sati uku cikin wannan iskar hunturu da ke fasa leɓe da dunduniya. Abin da ke fasa gugguru ruwan da ke cikin ƙwayar ne, kusan kashi 14 cikin 100, in ya yi zafi ya zama tururi ɓawon mai tauri ya riƙe shi har ya kasa sai ya fashe, toh in ruwan ya ragu ba abin da zai tura. Shi ya sa ma masarar tuwo ba ta yi, ɓawonta ba ya riƙe tururin haka.

Na juye kofi uku a kwalba mai murfin roba, na zuba ruwa cokali ɗaya na cin abinci, na rufe gam na girgiza har ruwan ya ɓace a jikinsu. Zan riƙa girgizawa safe da yamma.

Alhamis 2 ga Janairu, 2025

Ta dawo! Rabin kofi ya ɗaga murfi. Na ƙirga waɗanda suka ƙi, 23 kacal, ranar Litinin kuwa sun haura cokali uku. Yadda nake yi yanzu: mai cokali biyu da ƙwaya uku a tukunya mai kauri, in ukun sun fashe in sauke in zuba sauran in ƙirga talatin, in mayar kan wuta, in bar murfin a ɗan karkace tururi na fita don kar ya yi laushi, ina jijjigawa, in na ji tsakanin fashewa da fashewa ya kai daƙiƙa biyu uku in sauke.

Asabar 4 ga Janairu

Ganyen teku. Na gwada busasshen zogale don kore, launi ya yi amma ɗanɗano ba alaƙa, na cire. Ɗoɗɗoya kuma na gwada ne saboda shiso na haɗin Nagano danginsu ɗaya da ita da na'a-na'a, ƙamshinta ya danne na lemo, ita ma na ajiye ta gefe. A ƙarshe ƙanwar Abban yara ta samo min nori, wato busasshen ganyen teku falle-falle, a wani babban kanti a Abuja, fakiti mai falle 10 N6,500, kuɗin mota N1,500. Shi ne abu mafi tsada a duk aikin. Na kwalba wani irin ganyen teku ne daban wai shi aonori, wannan kuma irin na naɗe shinkafar nan tasu sushi ne, amma ya yi. Falle ɗaya nake wucewa da shi saman wuta sau biyu ya yi ƙaras, in murje da hannu. Yana kawo wani ɗanɗano kamar na busasshen kifi can ƙasa-ƙasa wanda ke sa hannu ya yi ta komawa roba.

Laraba 8 ga Janairu

Haɗin da na tsaya a kai, da cokalin cin abinci: gasasshen tattasai 2, tsidugu 1, ɓawon tanjarin da na lemon tsami 2, farin riɗi 1, baƙin riɗi 1, nori falle 1, citta cokalin shayi 1, fasakwari kwatan cokalin shayi. Gishiri daban nake sawa. Cokalin shayi biyu na isar masara rabin kofi. Na ajiye nawa da ragowar na auta a faranti ɗaya na lasa wannan na lasa wancan, nawa ya fi zafi da ƙamshin lemo, nasu ya fi sanyi da tsabtar ɗanɗano, yam-yam ɗinsu kuma a leɓe yake nawa a tsakiyar harshe. Na tura masa hoto yace Yaya launin kam ya fi nasu kyau.

Asabar 11 ga Janairu

Maƙwabciya ta yi oda leda 20 na walimar saukar ɗanta, N300 kowacce. Na yi gaggawa na ƙulle goman farko da ɗuminsu, kafin la'asar sun yi gumi sun yi laushi kamar soso, dole na sake yin wasu. Sauran na baza a tire minti ashirin suka huce sannan na ƙulle, waɗannan har washegari suna ƙaras. Na karɓi N6,000. Abin da na kashe tun farko: 5,900 da 800 da 700 da 300 da 8,000 na nori, sai bota N2,500, lemon tsami N200, leda N500, ƙarin masara N3,000, ya kama N21,900, ban sa gas da mangyaɗa ba. Ban mayar da kuɗina ba tukuna amma nori saura falle 7, yaji kuma akwai kwalba guda.

Asabar 18 ga Janairu

Na buɗe kwalbar yajin da na haɗa ranar 8, ƙamshin lemon ya fara ja baya, riɗin da na murje ma ya fara canza wari kaɗan. Daga yanzu garin barkono da ɓawo da citta zan haɗa in ajiye a firij cikin kwalba mai duhu, riɗi da nori kuma sai ranar da za a yi. Tanjarin ya kusa wucewa a kasuwa, don haka sati mai zuwa zan sayi na N3,000 in kankare in busar in adana tun hunturu bai tafi ba, in damina ta sauka ba zai bushe a inuwa ba sai dai ya yi fumfuna. Zan kuma gwada mangyaɗa mai ɗumi a madadin bota don na sayarwa ya fi daɗewa. Wani abokin auta zai taho gida cikin watan Maris, na roƙa a saƙo min sansho zalla ko ƙaramar kwalba ɗaya ce, ina so in haɗa kashi biyu, ɗaya da shi ɗaya da fasakwari, in ba Hajiya ta lasa ba tare da na faɗa mata wanne ne wanne ba.